Rasuwar Baturiya, Mai Sanyin Ɗakin Ɗantala

Da zuciya wadda baƙin ciki ya cika har ya rasa wurin zama, ni Ɗantala, haifaffen ƙasar Maradun, mazaunin Talatar Mafara, mutum na farko a duk yankin nan da ya ɗora ido a kan iyakwandishan, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Mafara da Bakura da Maradun, da duk wanda gumi ya taɓa bushe masa a ɗakina, rasuwar abokiyar zamanmu Baturiya, na'urar sanyaya ɗaki. Ta yi shiru ranar Talatar da ta wuce, tsakanin Azahar da La'asar, kasuwa tana tsakiyar ci. Ta rasu a bakin aikinta, a cikin bangon da take zaune tun gashin kaina yana baƙi.

Na ce ni na fara ganinta, kuma ina sake faɗi. Malami, wani mutumin Dakko, wanda ya tsufa yana shan sanyina yana yi mani gardama, yana yawo yana cewa wai shi ya riga ni. A lokacin da ake maganar, Malami awakin kawunsa yake bi.

Ga yadda aka yi. Shekarar da Turawa suka zo su tare gulbi su gina dam a Bakolori, ina cikin masu dako a sansaninsu. Wata babbar mota ta iso da akwatunan katako. Ƙarti suka taru a kan guda suna nishi suna kiran iyayensu. Na ce su matsa. Na ɗora shi a kaina ni kaɗai, na dire shi a inuwa, kuma hannuna ne ya zare ƙusar murfin. Hasken rana na farko da marigayiya ta gani a ƙasar Hausa, ta gefen kunnena ya wuce. Fara tas, mai haƙarƙari a gaba, ga wasu maɓallai guda biyu kamar idanu. Wani ya ce rediyo ce. Wani ya ce akurkin kajin Turawa ne. Ni na tsaya ina nazarinta, don mai sani ba ya gaggawa.

Aka huda bangon ɗakin wani injiniya da muke kira Mai Lofe, aka cusa ta, rabi ciki rabi waje. Na zagaya ta baya don in duba aikin, sai wani hucin zafi ya dake ni a fuska. Na koma na shaida wa jama'a cewa abin gasa masara ne. Har yau Malami yana tayar da wagga magana. To, ƙarya na yi? Ta baya na fara zuwa. Washegari aka kira ni in shigar da tebur, na tura ƙofa, na ji kamar an jefa ni rijiya da asuba. Na ajiye tebur, na sake ɗauka, na sake ajiyewa, har Mai Lofe ya tambayi tafinta ko ƙafar teburin ce ba ta daidaita ba.

A wanga sansani ne kuma na ga ɗaya irin na'urar sanyin, kuma ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan, don shi ne asalin rigimar da ta kai mu ga makoki. A babban ofishinsu ba irin Baturiya aka saka ba. Wani ƙaton inji ne a bayan gini, ya kai rumbu, an ja masa bututai ta cikin rufi zuwa kowane ɗaki. Sanyi yana zubowa daga sama, ba ka san daga inda ya fito ba, ba ka san wanda za ka yi wa godiya ba. Yana sanyaya ɗakin da ke da mutum, yana sanyaya wanda babu kowa sai kujeru. Ran da kuku ya soya albasa, har manaja ya sha ƙamshi a kan takardunsa. Ran da ɓera ya mutu a bututu, duk ofishin aka yi zaman makokinsa. Ran da injin ya tsaya, kowa ya fito waje lokaci guda kamar an zuba wa tururuwa ruwan zafi. Amma duk ba wannan ya tsaya mani a rai ba. Abin da na gani shi ne, tun da kowa yana da sanyinsa, kowa ya rufe ƙofarsa. Mutum biyu, bango ɗaya tsakaninsu, da wayar tarho suke gaisawa.

Da aiki ya ƙare Turawa suka fara naɗe kaya, Mai Lofe ya aiko a kira ni. Yana da dalili: ni na tsamo shi da ɗamarar wandonsa ran da ya zame cikin babbar hanyar ruwa, lofensa yana bakinsa bai saki ba. Ya ce in zaɓi abin da nake so. Wasu sun karɓi keke, wasu agogo. Ni na nuna bango. A lokacin gonar gadonmu tana ƙarƙashin ruwa, da tsamiyar da kakana ya dasa, da komai. Abin da dam ya karɓa a hannuna ba ya ɗaukuwa a kai. Abin da ya ba ni, a kai na ɗauko shi har gida.

Gidana yana gefen kwatas ɗin ma'aikata, wutar lantarki ta biyo ta ƙofarmu. Na kira Gajere magini, aminina tun ƙuruciya, ya huda bangon ɗakina na kusa da zaure. Ya yi ta mita cewa bangon ƙasa ba a yi shi don ƙarfe ba, ya dai gitta azara a sama, muka cusa ta. Na murɗa maɓalli. Ta ce "ƙwas." Ta yi shiru kamar mai tunani. Sannan ta ce "gurrrrr," kuma wagga murya ita ce muryar gidana har ranar Talatar da ta wuce.

Marigayiya ta kasance mai haƙuri, mai kawaici, marar zaɓen baƙo. Ba ta taɓa tambayar mutum ko ɗan wane ne ba kafin ta busa masa. Hakimin ƙauye da mai gyaran takalmi sanyi ɗaya suka sha. Idan aka ɗauke wuta ba ta zagi, sai ta ce "tik, tik," ta yi shiru, mu ma mu yi shiru tare da ita. Idan aka dawo da wuta ba ta riƙo. Ba ta da ɓarna ko a bayanta: hucin da take fitarwa waje ya busar da kuɓewa da tattasan uwargidana Taiba, ruwan da take ɗigarwa, "ɗis, ɗis," ya raini bishiyar lemun tsami tun tana ƙwaya, agwagin maƙwabta kuma a nan suka yi aure suka hayayyafa.

Babban aikinta dai shi ne tara mutane. A shekarun nan maza da yawa sun wayi gari ba gonar zuwa. Na Maradun ruwa ya ci tasu, na wajen Bakura katafila ta baje tasu ana jiran rabo, Birnin Tudu kuma ta ga abin da ta gani ran da manoma suka tashi neman haƙƙinsu, wanda ba a takardar wasa ake faɗinsa ba. Na tsira, wasu ba su tsira ba, Allah ya jiƙan su. Waɗanda suka rage, rana ta yi masu tsawo. Sai suka riƙa zuwa ɗakina. Da hantsi na mata ne da jikoki, Taiba ta shigo da faifan kuɓewarta, Saude mai nono ta ajiye ƙwaryarta a gindin bango kafin ta shiga kasuwa. Daga Azahar na maza ne. A nan aka sasanta rikicin iyakar gona, a nan aka ƙulla aure, a nan na ba da labarin tsamo Mai Lofe, kuma duk wanda ya ce ya gaji da ji, ƙofa a buɗe take, rana tana jiransa a waje. Ba wanda ya taɓa fita.

Sai ɗana Mamuda, mai kwangilar gine-gine a Gusau, Allah ya buɗa masa, ya zo farkon bazara da wata shawara. Ya gaishe ni gaisuwa mai tsawo irin ta wanda zai faɗi abin da ba za a so ba. Ya ce: "Baba, wagga na'ura ta tsufa. Tana cin wuta kamar injin niƙa, ƙararta har masallaci. Iri biyu ne yanzu. Akwai mai bututu, inji ɗaya ya sanyaya gida duka. Akwai mai rabe biyu, kai a cikin ɗaki, gangar jiki a waje, ba bututu, kowane ɗaki da nasa. Ni mai bututun nake so in yi maka. A rushe ɗakunan ƙasa, a yi na bulo da silin, kowa ya huta a ɗakinsa."

Na ce: "Kowa a ɗakinsa?"

Ya ce: "Kowa, Baba. Har zaure."

Taiba daga bakin ƙofa ta ce: "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Maigida, kai kana nan kamar kifi a randa, ni ina gasuwa a ciki, sai da hantsi nake zuwa cin bashin iska." Na ce ba da ita ake magana ba. Ta ce ai da ɗakinta ake.

Gaskiya ba na ƙin ta ko daga bakin yaro ta fito: maganar cin wuta haka take, maganar ƙara haka take, Taiba kuma ba ƙarya ta yi ba. Amma ni na ga ofishin Turawa da idona. Idan zaure ya yi sanyi, maza a zaure za su tsaya. Idan ɗakin Taiba ya yi sanyi, ita da jikoki sun gama da ni. Tsoho mai labari ɗaya, ba gona, ba ƙarfin dako, wa zai tura ƙofarsa? Ban faɗa wa Mamuda haka ba. Na ce masa ɓeraye, na ce masa albasa. Ya yi dariya ya ce zai dawo da ma'aikata kafin ruwa ya sauka, kuma abin da za a fara cirewa ita ce Baturiya.

Na kai ƙara majalisar dattawan da ke taruwa a ɗakina.  Gajere ya dube ta, ya dubi bango, ya ce: "Hmm." Da na san abin da ke cikin wanga "hmm," da ban bar gari ba.

Na tafi Damri sunan jika, na kwana can. Ashe ina juya baya Gajere ya kira gayya. Lokacin yaɓe ne dama, kowa yana gyara bangonsa kafin damina. Tsofaffin nan, masu ciwon gwiwa da masu ciwon baya, suka kwaɓa ƙasa da ƙaiƙayi, suka yi layi suna miƙa wa juna. Shawararsu ita ce, abin da ya zama bango ba ya ciruwa. Suka gine bayan Baturiya ruf, sama da ƙasa da gefe, ba su bar ko hudar da ƙadangare zai leƙa ba. Gajere ya shafe da makuba, ya yi zane mai kyau a kai, har da tambarin hannunsa. Malami da kansa ya ɗebo ruwa, mutumin da ban taɓa ganin ya ɗaga abin da ya fi kofin shayi ba.

Na dawo ranar Talata a motar 'yan kasuwa, na ishe su zaune a ƙofar gida kamar angwaye. Gajere ya kama hannuna ya zagaya da ni. Ya ce: "To, Sarkin Dako, duba. Yanzu Mamuda ya zo ya cire mu gani. Ga shi mun rufa mata asiri, shekara da shekaru tana zaune bayanta a waje kamar marar dangi."

Ina son a rubuta a ajiye cewa ni da gani na gane akwai matsala. Ni ne fa na fara jin hucin bayanta a duniya. Amma mutane sun yi maka aikin gayya, ƙasa ba ta gama fita daga farcensu ba, ka buɗe baki ka ce mi? Na yaba zanen. Na ce ko a Sakkwato ban ga irinsa ba. Muka shiga, kuma da yake ranar zafi ya kai inda ya kai, na murɗa maɓallin har ƙarshe don girmama baƙi.

Jinyarta ba ta yi tsawo ba. Da farko ta ce "gurrrrr" kamar kullum. Can muryar ta sauya, ta koma "guuu, guuu," kamar saniya mai naƙuda. Iskar ta yi ɗumi. Malami ya ce sabon wuri ne take baƙunta. Gajere ya ce danshin yaɓe ne, a ba ta lokaci. Aka kawo mafici, wani ya tashi yana yi mata fifita, abin da ta yi mana tsawon rayuwarta. Ta yi tari, "kaf, kaf, kaf." Wani wari ya tashi kamar an ƙona takalmin roba. Ta girgiza har ƙasa ta zubo daga azara. Sannan ta ce "ƙwas," irin na ranar farko, ba ta ƙara cewa komai ba.

Aka aika Gusau aka ɗauko Zubairu mai gyaran firji, wanda ya saba duba ta. Ya zagaya baya, ya tsaya, ya cire hula. Ya ce: "Baba, wa ya toshe mata numfashi? Zafin da take kwashewa a ɗaki ta nan take zubar da shi. Kun sa ta haɗiye abinta." Ya ce zuciyarta, wadda ya kira kwamfiresa, ta ƙone ƙurmus, kuma irinta an daina yi tun yana goye. Gajere ya zauna a ƙasa. Ban taɓa ganin ya yi gajarta kamar ranar ba. Na dafa shi na ce ya tashi, wa'adi ne. Na yafe masa duniya da lahira, amma zan riƙa tuna masa kullum.

Marigayiya ta rasu ta bar ni, ta bar Taiba, wadda ta ce ba ta kuka amma an ga tana share ido da gefen zane, ta ce hayaƙi ne. Ta bar bishiyar lemun tsami, wadda yanzu sai an bi ta da buta. Ta bar agwagi, suna zuwa su tsaya gindin zanen Gajere su duba sama su koma. Ta bar ƙwaryar Saude ba mafaka. Ta bar dattawan majalisa, waɗanda suka kashe ta da ƙauna. Ba ta bar ƙanne ba, sauran da suka zo mota ɗaya da ita sun riga ta tun tuni, don ba su sami mai riƙo irina ba.

Daren farko ban damu da zafi ba. Abin da na sa a raina shi ne gobe da Azahar ba mai zuwa. Na shirya zama ni kaɗai. Da hantsi sai ga Taiba da faifan kuɓewa, ta zauna inda ta saba, ta ce ɗakin nan ya fi madafa zafi, ta ci gaba da yanka. Da Azahar sai ga sallamar Gajere. Sai ta wani. Sai ta Malami, ya shigo yana cewa shi ta'aziyya ta kawo shi, ba labarin Mai Lofe ba. Na ba da labarin Mai Lofe. Gumi yana bin gemun kowa, ba wanda ya motsa.

A haka Mamuda ya iske mu, ya zo da ma'aikatansa da igiyar awo. Ya shigo da babbar riga mai sitati, ya sami gefe ya zauna, kafin a gama gaisuwa rigar ta manne masa a baya. Ya dubi tsofaffin nan, kowa da maficinsa, ya dubi Baturiya a bango. Ya raɗa mani: "Baba, mi suke jira a cikin wanga zafi?" Na ce ya tambaye su. Bai tambaya ba. Ya zauna yana kallonsu har na kai ƙarshen labarin. Da ya tashi ya leƙa waje ya ce wa ma'aikatan su mayar da igiyar mota.

Saboda haka ga yadda aka tsara. Na nemi liman ya yi mata salla, ya ce in ji tsoron Allah, ƙarfe ce, na kuwa bi maganarsa. Ba za a kai ta ko'ina ba, don Gajere ya riga ya gina mata makwanci tun tana da rai, kuma bangon nan ba mai rushe shi. Masu sayen tsofaffin ƙarafa kada su wahalar da kansu, wanda ya zo da sikeli zai koma da shi a wuya. Taiba za ta yi sadakar fura ranar Juma'a, da nonon Saude, a sha da wuri don ba mai sanyaya shi. Maganar magajiyar Baturiya an gama: ba bututu a gidan Ɗantala. Mamuda zai kawo mai rabe biyu, guda a ɗakina, guda a ɗakin mahaifiyarsa, don ta ci wannan shari'a kuma ban ɗaukaka ƙara ba. Gangar jikin za a ɗora ta can sama a kan ƙarfe, inda hannun Gajere ba ya kaiwa ko ya taka turmi.

Ana karɓar gaisuwa a ɗakin marigayiya, mata da hantsi, maza daga Azahar zuwa La'asar. Kowa ya zo da maficinsa. Ba a sa ranar tashi daga zaman makoki ba, sai ran da magajiya ta iso, kuma na gaya wa Mamuda hanyar Gusau ba ta da kyau, kada ya yi gaggawa.

Wanda kuma yake shakkar cewa ni na fara ganinta, ko yake faɗi a bayan idona cewa sanyi ne kawai ke kawo mutane wurin Ɗantala, ba na rantsuwa, ba na kiran shaida. Ya zo gobe da rana tsaka, lokacin da ko ƙadangare ba ya taka ƙasa. Ɗakin ya fi tanda zafi, Baturiya ba ta numfashi. Ya tsaya a bakin ƙofa ya dubi takalman da ke zube, idan ya sami wurin ajiye nasa, na yarda Malami ya riga ni.